Rijiya Ta Bayar, Wa Zai Kawo Guga?

Wannan karon ba batun farashin goro zan yi ba, ba kuma batun kwatar bayan masallaci ba, ko da yake tana nan tana jiranmu. Wata 'yar rigima ce ta cikin gidana na ga ya kamata in fito da ita fili, domin na lura ba ni kaɗai ke fama da irinta ba a unguwar nan.

Wata huɗu da suka wuce na farka wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, na ji ƙaramin janaretonmu yana kuka. Na leƙa ɗakin samari, sai na tarar da babban yarona (ku yi mini afuwa, ɗan fari ne, bakina ba ya iya kiran sunansa) ya duƙufa a kan kwamfuta. Yaron ya gama karatunsa, ya yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, da rana yana taya ni a rumfa. Na ce, "Kai, me kake yi da tsakar daren nan?" Ya ce, "Baba, aiki nake." Raina ya yi fari, na ce alhamdu lillahi, nawa za su biya? Ya sunkuyar da kai ya ce ai babu biya. Na ce su wane ne masu aikin? Ya ce mutane ne a ƙasashe daban-daban, bai taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido ba. Ban ƙara cewa komai ba, na fita na kashe janareton da hannuna. Kowa ya san abin da litar fetur ta koma tun daga 2023.

Washegari bayan la'asar, da kasuwa ta lafa, na zaunar da shi na ce ya yi mini bayani kamar yana yi wa kakarsa. Ga abin da na fahimta. In na yi kuskure, matasanmu 'yan boko su gyara mini.

Duk manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta, mutane ne suka zauna suka rubuta ta layi-layi da yaren da inji ke ganewa. Yawancin kamfanoni ɓoye wannan rubutun suke yi, kamar mai maganin gargajiya da zai sayar maka da kwalba amma ba zai taɓa gaya maka saiwar da ya jiƙa ba. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya ce shi bai yarda da haka ba. Ya fara wani aiki da ake kira GNU, a kan cewa duk wanda ya karɓi manhaja yana da 'yancin amfani da ita, ya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya kuma ba wani. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux ya sake ta ga jama'a. Yau duk mai riƙe da wayar Android a Sabon nan, daga 'yan canji har mai shayi, a kan wannan Linux ɗin wayarsa ke tsaye, ko ya sani ko bai sani ba. Irin waɗannan su ake kira buɗaɗɗun manhajoji.

To yarona ba ya cikin masu rubuta cikin manhajar. Wannan ne ma ya ƙara ba ni haushi da farko, na ce ashe ko a aikin kyautar ma kai ɗan dako ne. Nasa aikin shi ne littafin jagora, wato bayanin da ke gaya wa baƙo yadda zai sa manhajar a kwamfutarsa, inda zai danna, da abin da zai yi in ta ƙi. Wadda yake yi wa hidima ta lissafin kuɗi ce, irin wadda ƙaramin ɗan kasuwa zai riƙa shigar da ciniki da bashi. Daren da na kama shi, shafi ɗaya tak yake gyarawa: yadda za ka rubuta bashin da aka biya rabi aka bar rabi. Masu manhajar sun sake mata fasali, maɓallin ya tashi daga inda yake, amma jagorar tana nan tana nuna tsohon wuri. Wanda ya bi ta sai ya ɓata. Shi kuwa sai ya ɗauki matsayin wanda bai san komai ba, ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar kwamfutarsa, inda ya yi tuntuɓe ya tsaya ya sake rubutawa. In ya gama ya miƙa wa masu riƙe da aikin su duba. Wannan shafin sau uku suna dawo masa da shi. Sau ɗaya saboda ya tsallake mataki, sau ɗaya saboda jimlarsa ta yi tsawo, na ukun kuma saboda hoton da ya sa na tsohon fasalin ne. A na huɗu suka karɓa.

Ina jin haka sai tunanina ya tafi zauren marigayi malaminmu. Duk wanda ya taɓa ɗora ido a kan Muhtasar na Shehu Halil ya san abin da nake nufi. Littafi ne da ya tattara fiƙihun Malikiyya a dunƙule, kalma ɗaya tana ɗauke da mas'ala guda, har ɗalibi ya karanta layi ya rasa ina kai ina ƙafa. Ba don Dardiri ya yi masa sharhi ba, Dasuƙi kuma ya zo ya yi wa sharhin hashiya, da irina ba mu tsinci komai a ciki ba. Haka Risala take da su Samaruddani da Fawakihud Dawani. Waɗannan ma manya ne, an san sunansu. Akwai na ƙasa da su. Risalar da na gada wurin mahaifina ta hannu ce, kuma tsakanin layukanta da gefenta cike suke da ƙananan rubutu, wani da Larabci, wani da ajami: nan an fassara kalma, can an ce wannan lamirin ga wane yake komawa. Hannu aƙalla uku ne, tawadar ma ba iri ɗaya ba ce. Babu wanda ya sa sunansa. Da waɗannan ƙananan rubutun na gane babin gado, kuma da shi nake raba wa mutane gado a unguwar nan in liman babba ya turo su wurina.

Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Masu rubuta manhaja sun haƙa rijiya sun bar ta a buɗe. Amma rijiya mai gaba ashirin, in babu guga da igiya, buɗewarta ba ta kashe wa kowa ƙishirwa. A nan na janye kalmar ɗan dako, na kuma gaya masa na janye.

Sai dai ni ɗan kasuwa ne, kuma wannan bai rufe mini lissafi ba. Tambayar da ta hana ni barci ita ce: wa ke cin ribar? Kada a zo a yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na sa yaron ya gaya mini gaskiya, ya kuwa faɗa. Manyan kamfanonin duniya suna ɗaukar waɗannan manhajoji kyauta su gina kasuwancinsu a kai. GitHub, inda akasarin wannan aiki ke taruwa, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin mutane a babban ɓangare na intanet. Da aka waiwaya sai aka ga mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita, gudummawar da ke shigo musu a shekara kuma wajen dala 2,000 ce. Sai bayan abin ya fashe kamfanonin suka haɗa kuɗi. In masu haƙa rijiyar haka aka bar su, ina ga mai saƙa igiyar guga?

Wannan ciwon na san shi a jikina. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan salla a ƙaramin masallacin layinmu in liman ba ya nan, ina ɗaurin aure, ina raɗin suna, ina wankan gawa. Ban taɓa neman ko kwabo ba, ba na kuma nema. Amma na san bambancin "Allah Ya saka da alheri" da ke fitowa daga bakin wanda ba shi da shi, da wadda ke fitowa daga bakin wanda aljihunsa ke cike ya mai da addu'a hanyar tsere wa haƙƙi. Ta biyun nan ba na son a yi wa ɗana ita.

Na juya mas'alar kwana da kwanaki, ga inda na tsaya. Zalunci shi ne a yi da kai za a biya, ka yi aiki, a hana ka. Ko a tilasta ka. Ko a ruɗe ka, ka ɗauka abu kaza ne alhali ba shi ba ne. Yaron nan ba wanda ya yi masa alkawari, ba wanda ya tilasta shi, kuma ya san sarai wa zai amfana. Abin da ya yi ya fi kama da wakafi, wanda a Risala muke karantawa da sunan hubusi. Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ya san talaka zai sha, mai kuɗi zai sha, ɗan garuwa ma zai ɗiba ya kai Mokola ya sayar. Sayarwar ɗan garuwa ba ta ɓata wakafin ba. Abin da ya ba ni mamaki ma, su ma suna da abin da ya yi kama da sharaɗin mai wakafi. Akwai wata takardar izini da Stallman ya fitar a 1989, ana ce mata GPL, wadda Linux ke ƙarƙashinta. Sharaɗinta shi ne: ɗauki, gyara, sayar ma in ka so, amma in ka raba wa mutane abin da ka gyara, dole ka bar cikinsa a buɗe kamar yadda ka same shi. Wato ka sha, amma ba ka da ikon kewaye rijiyar da katanga. Akwai kuma wasu takardun da ba su sa wannan sharaɗin ba. Na ce wa yaron ya riƙa duba wace iri ce kafin ya zuba guminsa, kamar yadda ba na ba da goro bashi sai na san wa nake ba.

Wannan bai wanke kamfanonin ba. Wanda ya yi shekara goma yana sayar da ruwan rijiyar wakafi, bai taɓa sayen igiya ba, bai taɓa zuwa yasa ba, ba za a kira shi ɓarawo a gaban alƙali ba, amma marowaci ne, kuma kowa a unguwa ya san shi. An ce mini a 2019 Google ya fara wani shiri na biyan masu rubuta irin wannan jagora. Madalla, amma cokali ne a bakin teku.

Inda na kama yaron da laifi, kuma har yau ban sake shi ba, shi ne fetur da data. Nawa ne. Ba a sadaka da dukiyar wani, ko da ta uba ce, sai da izininsa. Kuma wanda ya kwana yana yi wa mutanen wata nahiya hidima, ya makara sallar asuba, ya zo rumfa yana gyangyaɗi har aka ƙirga masa ƙwarya tara a matsayin goma, ya ɗauki nafila ya ajiye farilla. Wannan na gaya masa ba tare da sassauci ba.

Na kuma tambaye shi niyyarsa, domin wannan aikin liman ne. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba: yana son mutane su amfana, amma kuma duk gyaran da aka karɓa ana ajiye shi da sunansa da ranar da ya yi, kuma yana fatan wata rana mai ɗaukar aiki zai gani. Na ji daɗin da bai yi mini fuska biyu ba. Ni ban ga aibu a nan ba. Alƙur'ani, a cikin Baƙara, ya ɗauke laifi daga alhajin da ya haɗa hajjinsa da neman halali, kuma kakanninmu fatake da haka suka yi ta zuwa Makka. Abin tsoro shi ne sunan ya zama shi ne gaba, har mutum ya riƙa aika gyaran da ba a buƙata don dai a ga ya yi yawa. Ya ce akwai masu yin haka, kuma masu dubawa sun gaji da su. Ashe riya ba ta san masallaci kaɗai ba. Batun kuma cewa yawancin masu amfana ba Musulmi ba ne, wani abokina ya tayar da shi a majalisa, ban ma tsaya dogon jawabi ba. Mu da muka yi fiye da shekara ɗari a Ibadan muna shan ruwan rijiyar Yarabawa, mu ne za mu tsaya tambayar addinin mai ƙishirwa?

Da a nan maganar ta tsaya, da na fita ina alƙali. Amma a ƙarshen zaman yaron ya yi mini hannunka mai sanda. Cikin ladabi, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba, ai littafin rumfa ma yana son irin wannan aikin."

Na yi shiru, domin na san inda ya dosa. Shekara shida da suka wuce taifod ta kwantar da ni mako uku, daidai lokacin da sabon goro ke shigowa. Ƙanena ya riƙe rumfa. Littafin bashina da ajami nake rubuta shi, haɗe da wasu alamomi da ni na ƙirƙiro: da'ira, da'ira mai ɗigo, layi biyu, ƙugiya. Akwai wata Iya da ta fi shekara ashirin tana tattaro mini goro daga ƙauyuka, nakan ba ta kafin alƙalami ta kawo kaya daga baya. Ta riga ta kawo, na kuma sa alamar da ke nuna ta kawo. Ƙanena ya duba, ya ga kuɗi a gaban sunanta, bai san me ƙugiya ke nufi ba, ya tare ta a tsakiyar kasuwa ya ce ana bin ta. Matar nan ta rantse, ta yi kuka a gaban 'ya'yan cikinta. Da na tashi sai da na je har gidanta da turmin atamfa ina ba da haƙuri. Ta haƙura, amma daga ranar ba ta ƙara karɓar kuɗina ba sai da shaida. Littafin bai yi ƙarya ba, ƙanena ma bai yi ba. Rijiyar tana nan da ruwanta, ni ne na ɓoye gugan.

Kuma bayan wannan duka ban gyara ba. Shekara shida. In na ce mantuwa ce na yi ƙarya. Gaskiyar ita ce akwai wani daɗi da mutum ke ji in ya zama shi kaɗai ya iya karanta littafin, kowa sai ya jira shi, ko ɗansa ba zai iya motsi ba sai ya tambaya. Wannan ciwon ya yi mana yawa a Sabo. Mun ga dattawan da suka san yadda ake adana goro a cikin ganye ya kai daushe ba tare da sankara ta taɓa shi ba, suka san ranar da za a buɗe huhu a sake ganye da ranar da ba a taɓawa, suka tafi da abinsu kabari saboda kada yaro ya iya ya ɓalle. Mun ga gidajen da maigida ya rasu aka rasa wa ke bin sa, wa yake bi, har zumunci ya watse a wurin rabon gado. Sau nawa aka kira ni irin wannan zaman, na yi wa'azi, na dawo gida na ci gaba da zana ƙugiyata?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na sha karanta ta, amma sai yanzu na lura da yadda ta juya ta fuskanci marubucin kansa: an hana shi ƙin rubutawa tunda Allah Ya sanar da shi, an kuma ɗora masa yin adalci a rubutun. Malamai su ne masu fatawa, ni ɗan kasuwa ne mai ɗan karatu. Amma abin da na ɗauka shi ne rubutun da ake nufi don wani ake yinsa, wanda zai zo ya karanta ba ka wurin, ba zai iya tambayarka ba. Rubutun da kai kaɗai ke ganewa bai sauke wannan nauyin ba. Shi ya sa ma na daina ganin dawo da shafin yaron sau uku a matsayin wulaƙanci. Jagorar da ta nuna maɓallin da babu shi ta fi rashin jagora sharri, domin baƙo zai yarda da ita, in abu ya ƙi ya ɗauka shi ne daƙiƙi, ko ya shigar da bashin wani ba daidai ba ya je ya tare wata Iyar a kasuwa.

Na tambaye shi me ya sa ba zai mai da jagorar Hausa ba, tunda mutanenmu ne suka fi buƙata. Amsarsa ta nuna mini ya fi ni natsuwa a nan. Ya ce fassarawa ba ita ce wahalar ba, zama da ita ne. Manhajar tana sauyawa duk 'yan watanni, in ya fassara ya tafi, bayan shekara Bahaushe zai riƙa bin tsohuwar hanya da harshensa, ya fi saurin yarda, ya fi saurin ɓata. Sai in an samu mutum uku ko huɗu da za su riƙe abin tare. Na san akwai yara a unguwar nan da suka yi irin karatunsa suna zaune a bakin titi suna jiran kira. Wanda ya ga zai iya, rumfata ba ɓoyayya ba ce.

Yanzu ga yadda muka shirya da shi. Dare biyu a mako, Talata da Alhamis, data daga albashinsa na rumfa, fetur mu raba, kuma in na juya bayan sallamar asuba ban gan shi a sahu ba, na makon ya faɗi. Ranar Asabar kuma bayan azahar mukan zauna ni da shi da littafin bashi. Ya ware shafuka biyu na farko, yana rubuta kowace alama da ma'anarta, da boko da ajami, sa'an nan ya kira ƙaninsa ɗan aji uku ya ba shi ya karanta, ya buɗe masa wani shafi ya ce gaya mana wa ake bi. Inda yaron ya kasa, mu sake rubutawa. Ƙugiya kaɗai sai da muka sake ta sau biyu.

Asabar ɗin da ta wuce muka iso wani shafi na 2017. A gaban sunan wani abokin cinikina na kasuwar Mariri a Kano akwai kuɗin huhu huɗu, da wata alama, layi biyu da ɗigo a sama. Ya ce, "Baba, wannan fa?" Na duba, na cire tabarau na goge na sake dubawa. Hannuna ne, babu shakka. Amma ko ni nake bin sa, ko shi yake bi na, wallahi na kasa tunawa. Ya riƙe biro yana jira. Na ce ya rubuta ba a sani ba tukuna, ya miƙo mini waya in kira Kano.